Alamar Kaka: Daga Goro Zuwa Lambobi Takwas

 Yau ina so in ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu, da kuma abin da na yi a kai. Ni ba masanin kwamfuta ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba, ɗan mai sayen wake da gyaɗa ne kawai a Betso. Saboda haka duk wanda ya fi ni sani ya ga kuskure, sai ya gyara mini, Allah ya ba shi lada.

Kakanmu ya zo ƙasar nan ne daga Kano a zamanin Lardin Sardauna, wato bayan ƙuri'ar 1961 da ta sa wannan yanki ya shigo Nijeriya. Ya zauna a Mubi na ɗan lokaci, sannan ya fito Betso saboda ya fi kusa da manoma. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni. Mun tashi cikin Fali da Gude da Margi da Fulani, muna jin Fillanci a kasuwa, muna cin abincinsu suna cin namu. Amma duk wanda ya san zaman irin namu ya san abu ɗaya: jikinmu yana nan, jarinmu yana can. Kuɗin da Baba ke sayen kaya da su ba nasa ba ne, na maigidansa ne, wani Alhaji a kasuwar Dawanau, wanda mahaifinsa shi ne maigidan Kaka. Shi zai turo kuɗi, mu saya mu ɗura a buhu mu ɗora a mota, wani lokaci kuma ya aiko a biya wane kaza daga abin da ke hannunmu. Sai a shekara biyu ba su ga juna ba. A taƙaice dai abincinmu ya rataya ne a kan saƙo, kuma saƙon daga nesa yake zuwa.

Mai karatu zai tuna halin da aka shiga a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ranar 10 ga Fabrairu a matsayin ƙarshen wa'adin tsofaffin. Tsabar kuɗi ta ɓace, har manomin da bai taɓa yarda da banki ba ya koma neman lambar asusun ɗansa. Tun daga lokacin duk harkar Baba ta koma cikin waya, kuma da yake idonsa ba ya son ƙananan rubutu, ni ne na zama magatakarda. Ni ke karanta masa saƙo, ni ke tura kuɗi.

Wata ranar Laraba da la'asar saƙo ya shigo ta manhajar hirar nan da kowa ke amfani da ita. Lambar Alhaji ce, hotonsa ne, har da irin gaisuwar da ɗansa ya saba rubutawa a madadinsa. Aka ce a tura naira 640,000 cikin wani asusu, na mai motar da zai ɗauko wake ne daga wani wuri, kuma a hanzarta don yana tsaye yana jira. Baba ya ce in kira. Na kira sau uku ba ta shiga ba, wanda ba sabon abu ba ne a Betso. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Tura masa, kada mu tsayar da Alhaji." Na tura. Sai bayan isha'i ɗan Alhaji ya same mu ta wata lamba yana cewa tun da hantsi aka ƙwace musu asusun hirar. Wani ne ya kira Alhaji ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake, ya roƙe shi ya karanto masa wasu lambobi shida da suka shigo wayarsa, shi kuma ya karanto.

Mun je banki, mun cike takardu, mun yi ta sintiri Mubi. Kuɗin dai ba su dawo ba. Alhaji ya ce laifinsa ne, a bar maganar. Baba ya ce a'a, amana a hannunsa take, ya sayar da shanu biyun da yake kiwo a wajen wani Bafulatani abokinsa ya cike rabi, Alhaji ya yafe rabi. Babu wanda ya ce mini komai, ko kallon banza Baba bai yi mini ba. Amma an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma ni na san yatsan wa ya danna. Na yi kusan wata ba na iya cin tuwo tare da shi a kwano ɗaya.

Abin da ya fitar da ni daga wannan hali wata hira ce da Baba ya yi da daddare, ba ma da ni yake ba, da wani maƙwabcinmu yake. Yana ba shi labarin yadda Kaka ke aika ɗan saƙo Kano a karɓo masa kuɗi a zamanin da babu waya. Ya ce Kaka ba ya aika mutum sai da alama. Zai ce masa, "Idan ka je ka ce da maigida, alama ita ce ranar da ya rako ni tasha takalminsa ya tsinke." Abu ne da su biyu kaɗai suka sani, kuma ba a maimaita alama sau biyu, domin da zarar ɗan saƙo ya ji ta, ta zama ta kowa. Maƙwabcin ya ce to idan ɗan saƙon ya ƙara kuɗin fa, aka ce fam talatin ya ce hamsin? Baba ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ake haɗa shi da ƙunshin goro na gaisuwa. Ɗan saƙo yana ganin tsaraba ce kawai, alhali maigida zai buɗe ya ƙirga, kowane goro ɗaya fam goma ne. Idan baki ya ce hamsin goro ya ce talatin, an kama shi.

Ina kwance a tabarma na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Wato tun kafin a haifi Baba su Kaka sun gane cewa tambayoyi biyu ne a kan kowane saƙo: wa ya aiko shi, sannan abin da ya iso shi ne abin da aka aiko? Mu kuma da wayarmu ta zamani mun dogara da hoto da lamba, abubuwan da ɓarawo ya ɗauke gaba ɗaya cikin minti biyu.

Dama tun bayan da na gama sakandare ina ɗan taɓa koyon yaren kwamfuta na Python a waya, da wata manhaja mai suna Pydroid, don sha'awa kawai. Sai na shiga bincike a intanet, ina hawa tudun bayan gari inda sabis ya fi ƙarfi, ina neman yadda ake yi wa saƙo alama. A nan na haɗu da abin da ake kira HMAC. Wasu masana uku ne suka fito da shi a 1996, Mihir Bellare da Ran Canetti da Hugo Krawczyk, aka wallafa ƙa'idarsa a 1997 cikin takardar da ake kira RFC 2104, sannan hukumar ƙa'idojin Amurka ta karɓe shi a 2002. Na kuma gane ashe muna amfani da shi kullum ba mu sani ba. Lambobi shidan nan da manhajojin tantancewa ke sauyawa duk daƙiƙa 30, da shi ake lissafa su. Kamfanin Paystack ma, idan zai sanar da kwamfutar ɗan kasuwa cewa an biya shi, yana liƙa wa sanarwar irin wannan alama don kada wani ya ƙirƙiro ta ƙarya.

Bari in yi bayani yadda na fahimta. Akwai wani lissafi da ni nake kira injin niƙa, sunansa SHA-256. Duk rubutun da ka zuba masa, ko kalma ɗaya ko littafi guda, zai fito maka da jerin haruffa da lambobi guda 64. Idan ka sake zuba rubutun nan, abin da ya fito ɗazu shi zai sake fitowa. Idan ka sauya ko da ɗigo ɗaya, duk jerin zai hargitse ya zama wani daban. Kuma kamar yadda gari ba ya komawa dawa, ba ka iya duba abin da ya fito ka gano abin da aka zuba. To amma injin na kowa ne, ɓarawo ma yana da shi. Saboda haka sai a haɗa saƙon da wani sirri da mutum biyu kaɗai suka sani, wanda ake kira mabuɗi, a niƙa su tare. Mai aikawa ya turo saƙo da abin da ya fito, mai karɓa ya zuba saƙon da nasa mabuɗin. Idan sun zo ɗaya, to wanda ya san mabuɗin ne ya aiko, kuma ba a taɓa ko harafi ba a hanya. Mabuɗin kansa ba ya tafiya, yana zaune a gida. Tsinken takalmi da ƙirgen goro ke nan a dunƙule wuri ɗaya.

Da na fahimci haka sai na ga ai abin mai sauƙi ne, na rubuta layi huɗu: a ɗora mabuɗi a gaban saƙo, a niƙa, a turo duk haruffa 64 ɗin. Na yi kwana biyu ina jin kaina. Sai na ci karo da labarin gidan hotunan intanet na Flickr, wanda ya yi kusan irin wannan dabara da wani tsohon injin mai suna MD5, har wasu masu bincike biyu, Thai Duong da Juliano Rizzo, suka nuna a 2009 cewa mutum zai iya ƙara magana a wutsiyar saƙo ya fitar da alamar da za ta karɓu ba tare da ya san mabuɗin ba. Dalili kuwa shi ne irin waɗannan injuna loma-loma suke cin rubutu, kuma abin da suke fitarwa a ƙarshe shi ne inda suka tsaya, don haka wani zai iya ɗorawa daga nan. Wannan ramin ne HMAC ya toshe, shi ya sa yake niƙa sau biyu. Ana cike mabuɗin da sifili har ya kai gurbi 64, a gauraya kowane gurbi da lamba 54, a ɗora saƙo a niƙa. Sannan a sake ɗauko mabuɗin a gauraya shi da lamba 92, a ɗora abin da ya fito a niƙan farko, a sake niƙawa. Niƙa na biyu ya rufe bakin buhun, babu wurin da za a ɗora komai.

Na rubuta wannan da hannuna don in gane shi, na gwada da misalan gwaji da aka wallafa a 2005 don masu irin wannan aiki. Sau shida yana ba ni amsar da ba ita ba, sai a na bakwai na gano na juya lambobin biyu, na sa ta waje a ciki. Da ya zo daidai sai na goge nawa na koma amfani da wanda ke cikin Python tun asali, domin wanda dubban idanu suka duba ya fi wanda ɗan Betso ya rubuta da fitilar waya.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe yanzu ta fara, kuma duk sauran matsalolin ba na lissafi ba ne, namu ne na mutane. Na sa manhajar a wayar ƙanena muna gwadawa. Na rubuta 250,000 shi ya rubuta 250000, alama ta saɓa. Na rubuta gyaɗa da ɗ mai lanƙwasa, shi wayarsa ba ta da ita ya rubuta da d, alama ta saɓa. A wurinmu kalma ɗaya ce, a wurin injin kuwa kamar wake ne da shinkafa. Sai na hana rubutun kai-tsaye, na yi gurabe biyar da za a cike: lambar saƙo, kwanan wata, lambar asusu, adadin kuɗi, da dalili, manhajar ta cire waƙafi da tazara, ta mai da haruffa duka ƙanana marasa lanƙwasa kafin ta niƙa. Bayan nan na lura idan aka manne guraben ba tsakani, saƙo na 12 mai naira 5000 da saƙo na 1 mai naira 25000 za su iya zama rubutu iri ɗaya, sai na sa shinge tsakanin kowane gurbi. Lambar saƙon kuwa dokar Kaka ce ta hana maimaita alama. Ba don ita ba, wanda ya ƙwace asusun hira zai iya kwafo tsohon saƙo na gaskiya da alamarsa ya sake turowa, mu biya sau biyu. Yanzu muna da littafi, duk lambar da aka biya an soke ta. Daga ƙarshe na taƙaita haruffa 64 ɗin zuwa lambobi takwas don a iya karanta su ko a kiran waya. Mai cinke yana da damar dacewa ɗaya ne cikin miliyan ɗari.

Saura mabuɗi. Da farko sunan Kaka na sa, ina ganin na girmama shi. Daga baya na gane duk wanda ya ga saƙo ɗaya da alamarsa zai iya zama a ɗakinsa ya sa kwamfuta ta yi ta gwada sunaye da kalmomi har ta dace, kuma sunan Kaka rabin Mubi sun san shi. Sai na sa wayar ta zaɓo haruffa 64 barkatai marasa ma'ana, na kwafe a takarda. Na kira ɗan Alhaji na yi masa bayani, ya ce abin ya yi, "Turo min mabuɗin ta waya kawai." Na ce malam, ai ta nan ɓarawon ya shigo. Muka yi dariya, amma dariyar ta nuna mini abin da ban so gani ba: dole sai ƙafa ta taka Kano.

A nan ne Baba ya tubure. Ya ce, "Kai yanzu so kake Alhaji ya aiko mini saƙo in ce ban yarda ba sai ya kawo shaida? Mutumin da ubansa ya ba ubana jari babu takarda? Mutumin da ya riƙe mu wata huɗu lokacin gudu?" Yana nufin ƙarshen Oktoban 2014, sa'ad da Boko Haram suka kama Mubi muka fita da kayan jikinmu. Sojoji sun ƙwato garin cikin Nuwamba, amma mu sai da muka daɗe a gidan Alhaji kafin mu dawo, kuma bai taɓa tambayar kuɗin waken da aka kwashe a rumbunmu ba. Ban da amsar da zan ba Baba. Na ce dai, "Baba, ku bar ni in je in gaishe shi, in ya ƙi shi ke nan." Ya yi kwana uku bai ce komai ba, ranar na huɗu ya miƙo mini kuɗin mota da ƙullin gyaɗa na tsaraba.

Na bi ta Hong da Gombi da Biu da Gombe, takardar tana cikin aljihun da Inna ta ɗinke mini a cikin riga, kamar yadda ake ɗaukar kuɗi a da. Na sami Alhaji a rumfarsa a Dawanau, na durƙusa na gaishe shi, na fara kame-kame. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wai ba a yarda da ku ba ne." Ya ɗaga mini hannu ya ce in yi bayani kawai. Da na kai kan goro sai ya kyalkyale da dariya har da hawaye, ya ce shi ne yaron da ake sa wa ƙirga goron a zauren mahaifinsa. Sannan ya ce, "Ɗana, je ka faɗa wa babanka, wanda ya ce a rubuta bashi bai ce don ana zargin juna ba. Ba ni ake tuhuma ba, hanya ake tuhuma. Kuma ni ma idan saƙo ya zo daga gare shi, sai na ga lambobin nan." Wannan magana ta ƙarshe ita ta warware komai, domin da Baba ya ji cewa dokar ta hau kansa kamar yadda ta hau kan Alhaji, sai ya daina ganinta a matsayin raini. Ni da ɗan Alhaji muka shiga cikin shago, ya shigar da mabuɗin harafi-harafi, muka gwada sau uku, sannan muka ƙona takardar.

Kada mai karatu ya ɗauka na samo maganin komai. Alamar ba ta ɓoye saƙo, duk wanda ya gani zai karanta. Ba ta hana a sace wayar da mabuɗin ke ciki, shi ya sa muka yi alkawari duk wanda wayarsa ta ɓata ya sanar nan take a sake sabon mabuɗi, kuma a sake shi ido da ido. Sannan ba za ta raba gardama a gaban alƙali ba, domin mu biyu ke riƙe da mabuɗi ɗaya, ni ma zan iya ƙirƙiro saƙo in yi masa alama in ce daga Kano ya zo. Wato tana tsare mu ne daga bare, ba ta tsare mu daga junanmu. Idan ni ko ɗan Alhaji muka ci amana, babu lissafin da zai hana.

Tun daga lokacin mun wuce saƙo na ɗari da arba'in. Sau ɗaya tak manhajar ta ce ba daidai ba, na riƙe kuɗin har dare gabana yana faɗuwa, ashe ɗan Alhaji ne ya juya lambobi biyu a lambar asusun wajen kwafowa cikin saƙon. Ba ɓarawo ba ne, amma da na tura, da kuɗin sun faɗa hannun wanda ba mu sani ba. Ranar Baba bai yaba mini ba, ba halinsa ba ne. Ya dai turo kwanon tuwo tsakaninmu ya ce, "Matso mana."

Shawarata ga 'yan uwa, musamman mu da iyayen gidanmu ke Kano ko Katsina ko Maraɗi muna nan muna jiran saƙonsu: ba sai kun rubuta manhaja ba. Kada ku karanta wa kowa lambobin da suka shigo wayarku, ko da ya ce daga ina yake. Idan saƙo ya zo da sabuwar lambar asusu da gaggawa, ku jira sai kun ji muryar mutumin, ku tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Idan kun je gida da salla, ku zauna da maigidanku ku yanke alamarku baki da baki, ta hau kanku ku duka. Wanda kuma yake son ganin yadda na tsara tawa, ya same ni ranar kasuwa, ina gefen ma'aunin Baba da littafi a hannu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.